Siririn takobin 'ya'yan sarautar Turai: na yaƙi ne ko na ado?

Tambaya: A zane-zanen Turai na da, ina ganin manyan mutane rataye da wani siririn takobi a ƙugu, har a wurin rawa. Makami ne na gaske, ko ado ne kawai?

Amsa: Makami ne na gaske, sai dai ba domin fagen daga aka fi rataya shi ba. Ya bayyana ne a rabi na biyu na ƙarni na 17, ya samu karɓuwa a fadar Sarki Louis na 14 na Faransa, sannan ya zama cikon suturar duk wani mai ji da asali a Turai kusan tsawon ƙarni na 18. Ruwansa yawanci mai kusurwa uku ne, ba ya sara sai suka, kuma da shi ake fito-na-fito idan an taɓa mutuncin mutum.

Inda dukiya ke zuba shi ne mariƙin. Sau da yawa ana sayo ruwan ne daga Solingen ta Jamus, garin da takubbansa suka riƙa ƙetare Sahara har kasuwar Kano, amma mariƙin aikin maƙeran azurfa da zinariya ne, waɗanda ke yi masa zane, su huda shi da ƙananan furanni, wani lokaci su dasa masa duwatsu masu daraja. A Ingila kuwa ƙwayoyin ƙarfe ake yankawa a goge har su riƙa walƙiya kamar lu'ulu'u. Mai hali yakan mallaki fiye da ɗaya domin ya dace da rigar da ya sa, har da mai baƙin mariƙi na zaman makoki.

A ganina, babban aikinsa shi ne shaida matsayi. A wancan zamani namiji ba ya shiga fadar Versailles ta sarakunan Faransa sai da hula da takobi, wanda ba shi da nasa kuma ya yi haya a ƙofa. Da aka buɗe babban taron wakilan Faransa a 1789, 'ya'yan sarauta sun zo da takubba, wakilan talakawa kuma aka ƙayyade musu baƙaƙen tufafi ba takobi, abin da ya ƙara fito da bambancin da ake kuka da shi.

Zuwa ƙarshen wannan ƙarni sandar hannu ta maye gurbinsa a titi, ya koma kayan fada da na jakadu. Har yau maza mambobin majalisar kula da harshen Faransanci suna rataya shi a bukukuwansu, majalisar da aka zaɓi Léopold Sédar Senghor, tsohon shugaban ƙasar Senegal, cikinta a 1983.