Klose ba da sa'a ya ci 16 ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga tambayar da ɗan'uwanmu ya jefo, wai shin Miroslav Klose na Jamus babban ɗan wasa ne da gaske, ko kuwa sa'a ce ta sa ya wuce Ronaldo na Burazil a yawan ƙwallayen Kofin Duniya, tunda bai iya yanka ba kuma a kulob bai yi wani tashe ba. Ni dai tun gasar 2002 nake kallonsa, kuma a ƙwallon unguwa lamba biyar na buga har gwiwa ta ajiye ni, don haka da idon ɗan baya zan ba ka amsa.

Rabin maganarka gaskiya ce. Klose ba ya yanka, kuma idan ka haɗa shi da Ronaldo a gwaninta ka zalunce shi. Ronaldo ya ci 15 a wasa 19, shi kuwa 16 ɗin a wasa 24 ya tara su. Gerd Müller ma 14 ya ci a wasa 13 kacal. Amma tambayi duk wanda ya taɓa tsaron baya: mai yanka kana ganinsa, ka san inda matsalarka take. Wanda ke hana ka barci shi ne wanda zai laɓe a bayan kafaɗarka, ka waiwaya ka duba ƙwallo, kafin ka juyo ya riga ka taku ɗaya. Sana'ar Klose ke nan.

Koma ka kalli ƙwallon da ya ci Ingila a 2010, wasan da aka tashi 4-1. Neuer, golan Jamus, ne ya narko ta daga gida, ta wuce kan kowa ta yi tsalle. Matthew Upson ya fi shi kusa da ita, amma Klose ya sa kafaɗa ya tare shi, Upson na jansa yana turjewa, sannan ya zame ya zunguro ta ta gefen David James. Ko a Burazil 2014 da Ghana: Asamoah Gyan ya sa Ghana a gaba 2-1, aka sako Klose daga benci yana da shekara 36, bai yi minti uku a fili ba aka bugo kwana, Höwedes ya goga mata kai, sai ga shi a can ƙarshen turke ya miƙa ƙafa. A gidan kallonmu a daren nan kusan kowa Ghana yake yi, sai wurin ya yi tsit. Wani ya ce ai ko shi zai ci wannan. Zai ci mana, in ya san zai tsaya a wurin. 'Yan bayan Ghana suna nan tsaye, babu wanda ya bi shi. Ta goma sha shidar ma haka take, ranar da Jamus ta ci Burazil 7-1 a Belo Horizonte: ya buga, golansu Júlio César ya tare, shi ne ya fara isa kan wadda ta dawo. Abin da mutum ya maimaita a gasa huɗu a jere, biyar a 2002, biyar a 2006 da takalmin zinare, huɗu a 2010, biyu a 2014, ya wuce a kira shi sa'a.

Masu cewa Saudiyya ya samu ya lallasa, e, uku ya zuba musu a wasan 8-0, kuma duk biyar ɗinsa na 2002 da ka ya ci su, har da ta Kamaru. To ta minti na 80 da ya farke wa Jamus a gaban Ajantina a 2006 fa? Da biyun da ya ƙara musu a 2010?

Batun kulob kuma, an rage masa. A Werder Bremen kakar 2005-06 ƙwallo 25 ya ci a Bundesliga, ya fi kowa. A Bayern ne ya sha benci, kakar 2009-10 uku kawai ya ci a lig, amma kocin Jamus Löw ya tafi da shi Kofin Duniya na Afirka ta Kudu duk da surutun jama'a. A Lazio ya ɗauki kofin Italiya a 2013, a shekarar kuma ya ci Bologna biyar shi kaɗai a wasa ɗaya. Kada ka manta mutumin bai fito daga makarantar horon manyan kulob ba. A Opole ta Poland aka haife shi a 1978, iyayensa suka koma Jamus yana ɗan shekara takwas, ya koyi aikin kafinta, yana buga wa ƙaramin kulob na ƙauye har ya kusa shekara ashirin. Sai a 2000 ya fara Bundesliga da Kaiserslautern. Duk da wannan latti ya bar wa Jamus ƙwallo 71 a wasa 137.

Akwai kuma halinsa. A 2012 ya ci Napoli da hannu, rafali ya ba da ci, da kansa ya faɗa masa gaskiya aka soke. Mu da muke rantsuwa da Allah a kan jifa a filin unguwa, sai mu yi shiru a nan.

In kana son sanin darajarsa, duba Jamus bayan ya ajiye rigar ƙasa. Suka koma wasa babu lamba tara na ainihi, ƙwallo na yawo a ƙafa, babu mai ƙarasawa, aka fitar da su tun a rukuni a 2018 da 2022. A Katar sai da suka ɗauko Füllkrug daga benci kafin suka farke wa Sifaniya. Ni dai idan za a ba ni ɗan wasa ɗaya in biya kuɗi in kalla, Ronaldo zan ɗauka. Idan kuma ni ne koci, ga wasan sili ɗaya ƙwale gobe, Klose zan rubuta a lamba tara.