Filin Tambayoyin Fasaha: Manhajar Kayan Gwari da Wayar da ke Hannun Ɗan Kasuwa

Tambaya daga wani matashi a Unguwar Rogo, Jos:

Assalamu alaikum Malam. Na kammala karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jos, kuma na iya gina shafukan intanet daidai gwargwado. Mahaifina dillalin tumatir da kabeji ne a kasuwar Farin Gada, saboda haka tun ina yaro nake ganin yadda kaya ke ruɓewa idan mai saye bai zo da wuri ba. Ni da abokaina biyu muna son kafa kamfani mai manhajar da za ta haɗa 'yan kasuwarmu da otal-otal da gidajen abinci na Abuja. Wata takwas ke nan muna rubuta manhajar, amma har yau ba mu samu mai zuba jari ba. Ta ina ake samun irin kuɗin da muke jin ana ba kamfanonin Legas?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa neman albarka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikinta shi ne sana'ar mahaifinka, domin ita ce jarin da kake da shi wanda masu rubuta manhaja da yawa ba su da shi. Sai dai akwai abin da ban gani ba a wasiƙar: a cikin wata takwas ɗin nan, kwando nawa na tumatir kuka taɓa kai wa wani gidan abinci a Abuja, ya karɓa, ya biya, ya kuma sake nema? Idan amsar ita ce ko ɗaya, to rashin mai zuba jari ba shi ne matsalarku ta farko ba.

Labaran Legas da kuke ji gaskiya ne. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack, kamfanin da ke taimaka wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet, a shekarar 2015, kuma a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Amma a lokacin da aka saye shi, dubban 'yan kasuwa sun riga sun saba karɓar kuɗi ta hanyarsa a kullum, wato abin da aka saya ciniki ne mai tafiya. Ka kuma sani cewa mafi yawan jarin da ke shigowa Afirka domin irin waɗannan kamfanoni yana tsayawa ne a ƙasashe huɗu, Najeriya da Kenya da Masar da Afirka ta Kudu, kaso mai tsoka yana tafiya ga masu harkar hada-hadar kuɗi, kuma bayan shekarar 2022 jarin ya ja baya, masu shi suka ƙara tsananta tambaya a kan riba. Wanda zai ba ku kuɗi a yau zai fara neman littafin ciniki kafin ya kalli kyawun manhaja.

Yanzu ka shiga Farin Gada da idon mai gina manhaja, ka dubi wayoyin da ke hannun mutane. Za ka tarar da Tecno da itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya mamaye kasuwar Afirka saboda ya lura da abin da mutanenmu ke bukata: gurbin layi biyu, batiri mai riƙe caji, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, da farashin da talaka zai iya. Yawancin waɗannan wayoyi ba su da wurin ajiya mai yawa, hotunan biki da bidiyon WhatsApp sun riga sun cika su, kuma tun bayan da hukumar kula da harkokin sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, mutane sun ƙara lissafi kafin su sauke sabon abu. Dattawan kasuwa da dama kuwa har yanzu ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, kuma su ne ke da iko da lodin mota guda. Manhajar da sai an sauke ta, an buɗe asusu da imel, an karanta umarni da Turanci, ta riga ta rufe ƙofa ga waɗanda kuka fi bukata.

Darasin M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, ya isa abin nazari a nan. Lokacin da Safaricom ya fito da shi a Kenya a 2007, da ƙaramar waya da saƙon tes yake aiki, ƙarfinsa kuma yana ga wakilan da ke zaune a kantuna suna karɓar tsabar kuɗi suna bayarwa. Mu ma mun ga irin wannan a gida a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi: masu tumatir da masu nama da ba su taɓa yarda da tiransifa ba suka buɗe asusun OPay da Moniepoint cikin 'yan makonni, domin ba su da wata hanyar sayar da kayansu. Babu wanda ya shirya musu taron bita. Bukata ce ta koya musu.

Shawarata ita ce ku jingine manhajar na ɗan lokaci, ku fara cinikin da hannu. Ɗayanku ya tafi Abuja ya samo gidajen abinci biyar da za su yarda su gwada ku, ku riƙa tura musu farashin safiya da hoton kaya ta WhatsApp, su kuma dillalai ku yi magana da su ta kira ko saƙon murya da Hausa. A cikin wata guda za ku fahimci cewa wahalar ba ta cikin kwamfuta. Wane direba ne zai tashi da daddare ya sauka gangaren Hawan Kibo lafiya, ya bi ta Akwanga da Keffi, ya isa kafin rana ta ɗaga? Idan mota ta lalace a hanya kaya suka yi laushi, wa zai ɗauki asarar? Me ake nufi da kwando, alhali wani ya fi wani girma, wani kuma an yi masa ado da manyan 'ya'ya a sama? Otal yana son ya biya bayan mako biyu, manomi yana son kuɗinsa a take, to wa zai cike wannan giɓi? Kuma me zai sa mai gidan abinci ya bar wanda ya saba saya a wurinsa a kasuwar Orange ta Mararraba ya koma gare ku? Mahaifinka yana da amsar rabin waɗannan tambayoyi, kuma ina roƙonka kada ku gabatar da aikinku a matsayin abin da zai kawar da dillalai, domin amanar da ke tsakaninsu da manoma ita ce ke tafiyar da kasuwar. Ku ware musu la'adarsu a fili.

Idan odar ta yi yawa har littafi ya kasa riƙe ta, a nan ne fasaharku za ta yi amfani, kuma ko a lokacin na fi son ku fara da shafin intanet mara nauyi wanda zai buɗe a waya mai arha ko da sabis ya yi rauni. Ta fuskar doka, ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022, wadda hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ke kula da aiwatar da ita, ta tanadi rangwamen haraji ga kamfanonin da suka samu shaidarta, amma sai cikakken kamfani wanda bai wuce shekara goma ba. Rajistar sunan kasuwanci kaɗai ba ta isa ba. Ku ukun nan kuma ku rubuta kason kowa da aikin kowa tun yanzu, a gaban shaidu, tun kafin kuɗi su shigo.

Tambaya daga wata uwargida a Kubwa, Abuja:

Malam, ina sayar da turaren wuta da humra da atamfofi daga gida, yawancin cinikina ta WhatsApp da Instagram ne. Wani yaro ya ce zai gina mini shafin intanet idan na biya shi. Shin ina bukatarsa?

Amsa:

Ranki ya daɗe Hajiya, idan masu sayenki sanannu ne kuma kina iya amsa saƙonninsu ba tare da wahala ba, WhatsApp Business ya wadatar, domin kyauta ne kuma yana da wurin jera kaya da farashinsu. Shafi yana amfani ne idan kina son baƙi daga wasu garuruwa su same ki ta binciken Google, ko kuma kina gudun ranar da za a rufe ko a sace asusunki na Instagram, abin da yake faruwa da 'yan kasuwa da dama.

Idan kin yanke shawarar yi, ki kula da abin da aka fi cutar masu sana'a da shi. Sunan adireshin shafi haya ake karɓarsa, ana sabunta shi duk shekara, haka ma wurin da ake ajiye shafin, saboda haka ki tambayi kuɗin shekara-shekara tun kafin a fara. Adireshin da ya ƙare da .ng ko .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kuma da naira ake biya. Ki tsaya tsayin daka a yi rajistar da sunanki da imel ɗinki, a kuma miƙa miki kalmomin sirri, domin idan da sunan yaron aka yi, duk ranar da kuka saɓa ko ya bar gari, shafin ya tafi tare da shi. Kada ki biya kuɗin duka sai kin buɗe shafin a ƙaramar wayar wani daga cikin yaran gida kin ga ya buɗe da sauri. Sannan ko da shafi ko babu, kada ki saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat. Ki shiga manhajar bankinki ki ga kuɗin da idonki, kuma kada ki taɓa karanta wa kowa lambobi shida da WhatsApp ke turowa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Bukuru:

Malam, ba ni da kwamfuta sai waya. Zan iya koyon gina shafukan intanet da ita?

Amsa:

Za ka iya farawa, ɗana, kuma kada ka jira. HTML da CSS da tushen JavaScript, wato harsunan da ake gina shafukan intanet da su, duk ana koyonsu a waya, darussan shafin freeCodeCamp kyauta ne, kuma manhajar Acode za ta ba ka damar rubutawa ka ga sakamakon nan take. Bayan wata uku ko huɗu za ka ji wayar ta yi maka kaɗan, domin aikin da ake biyan kuɗi a kansa yana bukatar babban allo da madannai. Kafin lokacin ka riƙa tara kuɗin kwamfutar cinya ta hannu, kuma wajen saye ka fi duba lafiyar batiri saboda yanayin wutarmu, da ƙwaƙwalwar aiki (RAM) mai gigabait 8. Ka leƙa cibiyar fasaha ta nHub da ke cikin Jos domin ka haɗu da waɗanda suka riga ka, ka kuma sa ido a kan shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023 domin horar da mutum miliyan uku. Shafinka na farko kuma ka gina shi ga wani na kusa da kai, kamar telan unguwarku ko makarantar Islamiyyar da ka yi, ka miƙa musu su gwada a wayoyinsu, ka zauna kusa kana lura da inda suke kakarewa.