Tambaya da Amsa: A Bakin Shataletale Za Mu Nemi A Gina Mana Rumfar Jiran Bas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamar makaranta ce a nan cikin Katsina, kuma 'yata tana karatu a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke hanyar Dutsin-Ma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ta koma hawa bas. Tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba yanzu tana cinye mata laccar safe, kuma makon jiya saura ƙiris ɗan acaɓa ya kwashe ta tana sauka. Har yau hankalina bai kwanta ba. Mutanen unguwarmu na shirin rubuta takarda a gina mana rumfar jiran mota daidai bakin shataletale, tunda a nan kowa ke tsayawa. In sa hannu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ƙara tsare ta, Ya tsare sauran yaranmu. Kada ki sa hannu a takardar nan yadda take. Rumfa kam kuna buƙatarta, amma wurin da aka zaɓa shi ne tushen abubuwa biyun da kika kawo kuka a kansu, makarar da kuma haɗarin.

Bari in fara da lokaci. Layi ɗaya na titi, idan ba abin da ya tare shi, yana wuce da ƙananan motoci kusan 1,800 a awa guda, wato mota ɗaya duk daƙiƙa biyu. Bas ta tsaya daƙiƙa 30 a kan layin nan tana lodi, motoci 15 sun taru a bayanta ke nan. A tsakiyar miƙaƙƙen titi za su iya ratsewa su wuce. A bakin shataletale ko danja babu wurin ratsewa, kuma can ne dama titi ya fi ƙarancin numfashi, domin hannu uku ko huɗu ne ke rabon wuri ɗaya. Kafin waɗancan 15 su warware, wata bas ta zo ta tsaya. Motar da 'yarki ke ciki tana can baya a cikin wannan layin.

Sai kuma yawan tsayawa. Kowane "akwai sauka" yana da farashi: rage gudu, buɗe ƙofa, neman canji, sauke kaya, sannan jiran a ba direba hanya ya koma titi. A ce kowace tsayawa ta ci rabin minti, bas ta tsaya sau 20 kafin ta kai, minti 10 sun tafi ba tare da cunkoso ko ɗaya ba. Shi ya sa a cikin gari ake barin tazarar mita 300 zuwa 500 tsakanin matsaya da matsaya. Mita 400 tafiyar minti biyar ce a ƙasa.

Yanzu ga maganar da nake ji kullum, daga bakin direbobi, da 'yan kamasho, da masu unguwa, har da wasu masu takardar shaidar aikin nan: "Ai inda mutane suka taru nan ne tasha." Wannan magana ta juya gaskiya ne ƙafa a sama. Mutane ba su zaɓi bakin shataletale don yana da kyau ba. Sun lura a nan mota ke rage gudu dole, sai suka riƙa tare ta a nan. Direba ya ga fasinja ya tsaya, gobe fasinja ya ƙaru, jibi mai lemo da mai cajin waya suka kafa tebur, napep suka yi layi. Sai wani ya zo da biro da takarda ya ce tunda wuri ya kafu a zuba masa siminti. Daga ranar da aka zuba simintin nan kuskure ya zama doka, kuma cire shi sai an kai ruwa rana.

Ki duba abin da ke faruwa da wanda ya sauka a irin wannan wuri. A ƙasar nan hannun dama muke bi, ƙofar fasinja ma a dama take. Saboda napep da teburan 'yan tireda sun cinye gefen titi, bas ba ta iya matsawa ta jingina da bakin kwalta, sai ta tsaya da tazarar taku biyu ko uku. Wannan 'yar tazarar ita ce hanyar ɗan acaɓa. Yana sauri ya riga shiga shataletale, ita kuma yarinya ta sako ƙafa tana kallon jakarta. Daga yadda kika ba da labarin, wannan ne ya fi kama da abin da ya sami 'yarki.

Haɗari na biyu ya fi muni. Wanda ya sauka kafin mahaɗa kuma yana son tsallakawa, ta gaban bas zai bi, domin can ne hanyar take. Jikin bas ya zame masa katanga: ba ya ganin motar da ke tahowa ta gefen hagu, mai motar ma ba ya ganinsa. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa ɗaya, kuma direba yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Mita 14 ya fi tsawon hiyas biyu a jere. Idan abin ya faru sai a ce ganganci ne na direba, ko yaro ne bai duba ba, a yi jaje a watse. Ba mai komawa ya tambayi wanda ya ce mota ta tsaya a nan. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma wanda aka damƙa wa amanar tsara titi za a tambaye shi a kanta.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne gyaran ba ya cin kuɗi. A matsar da matsayar ta koma bayan mahaɗa, wato bas ta gama fita daga shataletalen tukuna, ta ƙara gaba da tsawon bas uku ko huɗu, sannan ta tsaya. Wurin tsallakawa sai ya koma bayanta, inda mai tsallaka ke ganin abin da ke tahowa ido da ido. Amma na sha zama a taron da ake yanke wurin rumfa bisa ga shagon wane ne zai samu ciniki, ko ƙofar gidan wane ce ba a so a tare. Na ga takarda tana yawo tsakanin ofis uku, wannan ya ce titin ba nasa ba ne, wancan ya ce rumfa ce tasa ba direbobi ba, har damina ta wuce.

Za ki ji wasu sun ce a yanka wa bas aljihu a gefen titi, wato wurin da za ta ratse ta tsaya ba tare da ta tare hanya ba, shi ke nan. A wajen gari inda motoci ke gudu, kamar can gaba a hanyar Dutsin-Ma, aljihun yana da amfani ƙwarai. A cikin gari kuwa yana da nasa ciwon: bas ta shiga, fitowa ta gagara don ba mai ɗaga mata ƙafa, mutum 18 suna jira masu mota ɗai-ɗai su wuce. A Landan an cike irin waɗannan aljihunan da yawa saboda haka, duk da dokar hanyar Ingila ta ce a ba bas hanya idan ta kunna sigina za ta fito. Mu nan, aljihun da ba mai tsaronsa mako guda ya ishe shi ya zama garejin napep. Gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya sun sauƙaƙa wa mai wucewa kai tsaye, amma lodi da sauka a sama ake yin su, don haka gada ba ta ɗauke wannan aikin ba. Ko BRT ta Legas, wato bas ɗin haya mai sauri, da ta fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, saurinta ya fito ne daga layinta na kanta, da tsayayyun matsayai, da yankan tikiti kafin a shiga.

Ki koma wurin mutanen unguwa ku sake rubuta takardar. Ku nemi matsaya bayan shataletale a kowane hannu na titin, da dakali mai tsayi wanda bas za ta jingina da shi har babur ya rasa wurin kutsawa, da layin tsallakawa a bayan inda bas ke tsayawa, da fitila, da wuri daban na napep. Ku kai kwafi ga KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Katsina, da KTSTA, hukumar sufuri ta jihar, da shugabannin ƙungiyar direbobi, domin matsayar da direba bai yarda da ita ba rumfar shan inuwa ce kawai. Kafin nan, ki ce wa 'yarki ta riƙa cewa a wuce shataletale da ita kafin ta sauka, ta leƙa dama kafin ta sako ƙafa, kuma ta bari bas ta tashi kafin ta tsallaka.