Awon nauyin maruƙa ba tare da sikeli ba

Malam, tambayarka ita ce yadda za ka gane maraƙin da ya cancanci zama bijimin garke alhali ba ka da sikelin shanu. Tef ɗin tela ya ishe ka. Zagaya shi a ƙirjin maraƙin, daidai bayan ƙafafun gaba, sannan ka auna tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, duka da santimita. Ninka awon ƙirjin da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Abin da ya fito shi ne kimanin nauyinsa a kilo. Ka auna shi ranar haihuwa, ranar yaye, da kuma in ya cika shekara, ka rubuta a littafi tare da lambar kunnensa da sunan uwarsa da ubansa. Wanda ya fi saurin ƙara nauyi shi za ka ajiye.

Sharaɗin dai, tsara ake gwadawa da tsara. A nan Jos, maraƙin Bunaji da aka haifa a Yuni cikin ɗanyar ciyawa zai bar na Janairu a baya, ko da jinin na Janairun ya fi kyau. Haka wanda ake tatse uwarsa ƙarƙaf kullum safiya, shi ma za a bar shi a baya. Na ga maruƙa nagari da aka kai kara, wato kasuwar shanu, saboda wannan, kuma abin yana damuna. Ka kuma riƙa yin awon da sassafe, kafin su sha ruwa.