Tambaya da Amsa: Wace Sandar Fatsa Zan Saya da Dala 100?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu a Hiyuston ta jihar Tegzas, kuma abokan aikina sun saba mini da zuwa tafkin Conroe ranar Asabar muna kamun kifin da suke kira bas. Sun ce in koyi kamu da jig, wai shi ke fito da manya. Sandar da nake da ita irin ta dala 30 ce, wadda ake sayarwa haɗe da injin naɗe zarenta. Sau uku ke nan ina komawa gida hannu rabbana, su kuwa suna ta ɗaukar hoto. Na leƙa shago na ga sanda har ta dala 400, ni kuma aljihuna bai wuce dala 100 ba. Wacce zan saya? Kuma in na zo hutu gida, za ta yi mini aikin giwan ruwa a Kainji?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kuɗinka sun isa. Amma bari mu fara da shi kansa jig ɗin, don shi ne zai gaya maka irin sandar da yake so.

Jig ƙugiya ce guda ɗaya mai kauri, da kan dalma, da gezar roba kamar tuntun hula, sai wasu 'yan tsinkaye a gaban bakin ƙugiyar da ke hana ta maƙalewa a itace. Nauyin da aka fi amfani da shi kashi 3 cikin 8 na oza ne ko rabin oza, wato wajen giram 11 zuwa 14. Ana jefa shi gindin kututture ko cikin ciyawa, ya nutse, a riƙa jan sa a ƙasa a hankali kamar ɗan jatan landen da ke rarrafe. To a nan wahalar take. Mu da muka taso muna jefa fatsa a kududdufi, mun saba da ɗan karan dawa da ke yawo a saman ruwa, ya nutse ka san tarwaɗa ta ɗauka. A jig babu wannan. Bas zuƙar abin yake yi, in ya ji ba nama ba ne ya tofar, duk cikin ƙiftawar ido. Abin da zai iso hannunka bai wuce ɗan "tik" ba, wani lokaci ma sai dai ka ji zaren ya yi nauyi kamar ya kwaso jiƙaƙƙen tsumma. Ina kyautata zaton a fita ukun nan kifi ya ɗauka ba sau ɗaya ba, sandarka ce ta haɗiye labarin.

Ni ma haka ta faru da ni a tafkin Sam Rayburn na nan Tegzas. Na ga zare yana tafiya gefe da kansa a gindin wata bishiya da ta faɗa ruwa, na fizga iya ƙarfina, sandar ta lanƙwashe tun daga hannu kamar tsumagiya. Kifin ya yi tsalle ɗaya, ya girgiza kai, ya watso mini jig ɗina. Da na duba, ko ɓawon leɓe babu a bakin ƙugiyar. Ƙarfin nawa duk ya ƙare a lanƙwasar sanda, bai kai ga kifin ba.

Saboda haka abu biyu kake nema: sanda mai isar da saƙo, mai kuma ƙashin baya. Ka duba rubutun da ke jikinta, sama kaɗan da mariƙi. Tsawo ƙafa 7 zuwa 7 da inci 3. Ƙarfi ka nemi mai alamar MH, wato tsakanin matsakaiciya da mai tauri. Sai kalmar Fast, ma'ana kan sandar ne kaɗai ke lanƙwasa, sauran jikin ya tsaya ƙyam. A ƙarƙashi za ka ga nauyin koton da take ɗauka, in rabin oza ya faɗo a tsakiyar lissafin, ta yi. Kuma ta zama wadda aka ƙera da girafait, wato zaren kabon mara nauyi. Wadda aka ƙera da faibagilas, wato zaren gilashi, tana da juriya, amma ga jig kurma ce. Ko sandar nan mai suna Ugly Stik, wadda tun 1976 aka san ta da ƙin karyewa, ina yaba ta wajen tarwaɗa da koya wa yara, sai dai kanta ya yi laushi ga wannan aiki.

Masu cewa sai mai alamar H, wato mai tauri, ba ƙarya suka yi ba, amma wannan ta mai kutsawa cikin ciyawa mai kauri ce daga kan kwale-kwale. Mai sanda guda ɗaya, MH ta fi masa, don da ita zai jefa tsutsar roba ma.

Sunaye kuwa, ka duba Berkley Lightning Rod da Abu Garcia Vengeance a ɓangaren masu sauƙi, Shimano SLX a kusa da bakin kuɗinka, Dobyns Fury kuma in za ka iya ɗan ƙara wani abu a kai. Ni da zan saya yau, zan haƙura wata guda in cika in ɗauki ta ƙarshen. Ta dala 400 ta fi sauƙin nauyi, ta fi ji, ban musa ba, amma hannun da bai san "tik" ba tukuna ba zai gane bambancin ba.

Kada ka saya ba ka riƙe ba. Je shagon Academy ko na Bass Pro Shops da audugar goge kunne a aljihu. Zura ta cikin kowane zoben da zare ke bi, in ta bar gashi to zoben ya tsage, zai yanke maka zare ranar da babba ya kama. Ka ɗora kan sandar a ƙasa, ka ja shi a hankali ka ji ko tsagin tayil yana isowa tafin hannunka. Ka kuma lura da irin mariƙin: mai ɗan ƙaho a ƙasa ta injin betkasta ce, wato injin naɗe zare da ke zama a saman sanda, mai yiwuwa ba za ta zauna da injin da kake da shi ba. In ba ka shirya sayen sabon inji ba, nemi MH ɗin da ta dace da naka, ka sa masa zaren kitso. In kuwa betkasta ce, zaren fulorokabon, wanda ba ya cika ganuwa a ruwa, mai ƙarfin laba 15 zuwa 17 ya wadatar.

Wata 'yar tunatarwa tunda sabon hannu ne kai: a Tegzas mai shekara 17 zuwa sama sai da lasisi, kuma kowane tafki yana iya samun nasa ƙa'idar tsawon kifin da za a tafi da shi. Ka tambaya kafin ka sa a buhu. Sannan ka kiyayi ƙofar mota, ta fi kifi karya sandunan girafait.

Batun Kainji, giwan ruwa yana bin koton roba, ƙanana masu kilo 3 ko 5 sandarka za ta iya da su. Amma kifi ne da ke haura kilo 100, in ka haɗu da babbansa zare da sanda duk sallama za ku yi. Ga shi kuma sanda mai ƙafa 7 da ba ta rabuwa biyu, ɗawainiyarta a jirgi ba ƙarama ba ce. Bar ta a Hiyuston. In ka iso, nemi masuntan Yawuri su shiga da kai, ka tafi musu da jig biyu ko uku tsaraba.