Hukuncin Sayar Da Taswirar Da Aka Gina Kan OpenStreetMap

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na ɗauko bayanai daga OpenStreetMap, wato taswirar duniya ta kyauta da ke intanet, na gyara sunayen lungunan unguwarmu, na ƙara waɗanda babu, ina buga taswirar ina sayar wa masu kai saƙo a babur. Kuɗin halal ne? Kuma zan iya riƙe gyaran da na yi ni kaɗai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kuɗinka halal ne, amma riƙe gyaran bai halatta ba.

Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida, "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura." Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗansu. Taswirar OpenStreetMap ɗin nan, wadda aka fara a Ingila a 2004, gumin 'yan sa kai ce, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mawallafi abin kiyayewa ne a shari'a. Masu taswirar sun bar wa jama'a ita bisa lasisin ODbL, wato sharuɗan amfani da bayananta, tun 2012. Ranar da ka ɗiba, ka karɓi sharaɗin ke nan, kamar mai ɗiban ruwa a rijiyar waƙafi.

Lasisin ya raba abu biyu, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. Takardar da ka buga, da launinta da tsarinta, taka ce. Sa mata kuɗin da ka ga dama, ka dai rubuta a jikinta, inda ido zai gani, cewa bayanan na masu ba da gudummawar OpenStreetMap ne. Su kuwa bayanan da ke ƙarƙashi, wato layin lungun da ka miƙe da sunan da ka gyara, sun cakuɗe da na jama'a. Tunda ka fitar da taswirar kasuwa, duk wanda ya karɓe ta yana da haƙƙin ka ba shi bayanan bisa wannan lasisi. Da a shagonka kaɗai kake amfani da ita, da babu wannan nauyi a kanka.

Jerin sunayen abokan cinikinka, muddin ka ajiye shi daban, bai shiga ciki ba, kuma amana ce ma da bai kamata ka watsa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka shigar da gyaran cikin OpenStreetMap ɗin kai tsaye, sannan ka buga daga can.

Wallahu a'alam.