Tambaya Da Amsa: Laftof Ɗina Ya Ƙi Karɓar Kalmar Sirrina Bayan Gyara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Aboabo, Kumasi. Na sayi laftof na hannu a Adum bara. Makon jiya na kai shi aka canza masa batir, da na kunna sai shuɗin allo ya fito da rubutun BitLocker yana neman mabuɗi. Na yi ta ƙoƙarin saka kalmar sirrina amma ko harafi ɗaya ba ya shiga. Mai gyara ya ce sai dai a wanke shi a sa sabon Windows, alhali aikin kammala karatuna duk yana ciki. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai, ki karɓo laftof ɗinki, kada ki yarda a wanke shi. Aikinki yana nan lafiya lau, kulle kawai yake. In aka wanke, shi kenan, ya tafi.

Kalmar sirrinki ba ta lalace ba, ba ita ake tambayarki ba ne. BitLocker manhajar tsaro ce da ke cikin Windows, tana rikita duk abin da ke ma'ajiyar kwamfuta ta yadda ko ɓarawo ya cire ma'ajiyar ya jona a wata na'ura ba zai iya karanta komai ba. Mabuɗin warware wannan rikitarwa yana hannun wani ɗan ƙaramin guntu da ake kira TPM. Kullum kika kunna, guntun yakan duba ko komai yana yadda ya saba, sai ya saki mabuɗin ba ki ma sani ba. Ranar da ya ga an taɓa saitin BIOS (ƙaramar manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows), ko an kashe Secure Boot (tsaron da ke tantance abin da ke tashi lokacin kunnawa), ko an sauya babban allon cikin na'urar, wato motherboard, sai ya riƙe abinsa, don bai san ko ke ce ko ɓarawo ba. Cire batir a wasu laftof yakan mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani, kuma ina kyautata zaton abin da ya same ki ke nan.

Abin da allon yake nema lambobi ne guda 48, rukuni 8, kowane rukuni lamba 6. Shi ya sa haruffa ba sa shiga.

To ina za ki same su? Idan da adireshin Outlook ko Hotmail, ko wani asusun Microsoft, kike shiga laftof ɗin, akwai kyakkyawan fata. Ki ɗauki wayarki ki buɗe aka.ms/myrecoverykey, ki shiga da wannan asusun. Za ki iya tarar da mabuɗi fiye da ɗaya. A shuɗin allon akwai lambar shaidar mabuɗin, ki duba haruffa da lambobi 8 na farkonta, ki ɗauki wanda ya yi daidai da su. Ki gwada duk wani asusu da aka taɓa shiga da shi, har na yayanki ko na wanda ya saita miki ranar da kika saya. Mutane da yawa sukan rantse ba su taɓa kunna BitLocker ba, kuma gaskiya suke faɗi: sababbin laftof sukan kunna shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma tun fitowar Windows 11 samfurin 24H2 a 2024 abin ya ƙara yawa.

Wajen rubuta lambobin ki kula da madannai. Laftof ɗin da ke shigowa kasuwanninmu daga Faransa ko ta Togo da Kwaddibuwa jerin madannansu daban ne, abin da aka zana a jiki ba lallai shi ke fita ba. Idan layin lambobi ya ƙi, F1 zuwa F9 suna ba da 1 zuwa 9, F10 kuma sifili. Wani abin taimako: kowane rukuni yana rabuwa da 11 ba saura, don haka in kika kuskure, nan take zai ƙi wucewa.

Idan ba ki sami mabuɗin ba, saura dabara ɗaya. Ki koma wurin mai gyaran, cikin mutunci, ki tambaye shi me ya taɓa. Ku shiga BIOS tare, ku tabbatar TPM a kunne yake, Secure Boot ma haka, kwanan wata daidai, ma'ajiyar Windows ce ta farko a jerin wuraren da kwamfutar ke tashi daga gare su. Sau da yawa in saitin ya koma yadda yake, guntun yakan saki mabuɗin da kansa. Amma don Allah kada kowa ya danna Clear TPM, wannan goge mabuɗin ne ɗungurungum.

Akwai abin da ba na son ɓoye miki. Yawancin laftof na hannu tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne. Idan ba a sa sabon Windows ba lokacin da kika saya, mai yiwuwa mabuɗin yana asusun kamfanin da ya yi amfani da shi a can. Microsoft da kanta ta ce ba ta iya dawo da mabuɗin da ya ɓata. Duk wanda ya ce ki kawo sidi kaza zai fasa miki, ki riƙe kuɗinki. A irin wannan hali ki binciki imel ɗinki, da WhatsApp, da filashin da kike kai wa masu buga takarda, da abin da kika taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki. Sai kin tattara abin da ya samu sannan a yi maganar wankewa.

In Allah ya sa ya buɗe, a ranar ki kwafe aikin zuwa filashi da Google Drive, ki rubuta lambobin 48 a takarda ki ajiye a gida, ba cikin jakar laftof ba. Duk ranar da za ki sake kai shi gyara, idan Windows ɗinki Pro ne, ki shiga Manage BitLocker ki danna Suspend protection kafin ki miƙa shi.